Yadda ake hawa matakan tseren zamiya kan dusar ƙanƙara, daga lasisi zuwa gasar duniya

Tseren zamiya na dogon zango daban yake da wanda ake gangarowa daga kan dutse. A nan katako biyu ne sirara a ƙafa da sanduna biyu a hannu, ana ratsa daji da tudu da kwari, kuma jikin mutum ne kaɗai injin. Ƙa'idar shimfiɗa filin gasa ita ce kashi ɗaya cikin uku hawa, kashi ɗaya gangara, sauran kuma ƙasa mai ɗan tudu da kwari. Gidan wasan shi ne Norwe da Suwidin da Finlan da Rasha, sai ƙasashen tsaunukan Alps da Arewacin Amurka, amma 'yan Afirka sun taɓa shiga. Philip Boit na Kenya ya yi tseren kilomita 10 a Olamfik ta Nagano a 1998, Isaac Menyoli ya wakilci Kamaru a 2002, Samuel Ikpefan kuma, haifaffen Faransa, ya wakilci Nijeriya a Beijing a 2022.

Labarin Boit ne ya kamata mai niyyar shiga ya fara riƙewa. Ɗan tseren gudu ne mai ƙirji, ya yi shekara biyu yana koyo a Finlan, amma shi ya zo na ƙarshe, kimanin minti 20 bayan Bjørn Dæhlie, ɗan Norwe da ya ci tseren, wanda ya tsaya a bakin layi ya jira shi. Numfashi bai gaza masa ba. Abin da ke cinye lokacin sabon shiga shi ne rashin iya tsayuwa a kan katako ɗaya yana tafiya, da rashin sanin abin da zai shafa a ƙasan katakon. Duk shirin da bai ba waɗannan biyun rabonsu ba, wahala ce kawai za a sha.

Takardu tukuna

Hukumar wasannin zamiya ta duniya, FIS, wadda aka kafa a 1924 kuma ofishinta ke Oberhofen a Suwizalan, ba ta yi wa mutum rajista kai tsaye. Hukumar wasan ta ƙasarka ce za ta nema maka lamba, bayan ka sa hannu a takardar alkawarin 'yan wasa kuma ka nuna inshorar da ta ƙunshi haɗarin gasa. Shekarar lasisi tana farawa 1 ga Yuli ta ƙare 30 ga Yuni. Idan ka bari lasisin ya mutu, babu mai sa sunanka a jerin masu tashi.

Wanda ya tashi a Turai ko Kanada kuma yake so ya koma wakiltar ƙasar iyayensa yana bukatar fasfo na wannan ƙasar. FIS tana kuma neman zaman shekara biyu a can, sai dai tana ɗauke wannan sharaɗin ga wanda aka haifa a ƙasar ko wanda uwarsa ko ubansa ɗan ƙasar ne. Olamfik tana da nata: wanda ya riga ya wakilci wata ƙasa zai jira shekara uku, sai in ɓangarorin sun yarda a rage. A fara wannan aikin shekara biyu kafin gasar da ake hange, domin takarda ba ta san gaggawa ba.

Salo biyu

Akwai kilasik, inda katakon ke bin layi biyu da inji ya tsaga a cikin dusar, ana taku ana zamewa ko a tura da sanduna biyu a tare. Akwai kuma salon 'yanci, wanda ake buɗe bakin katako ana turawa gefe da gefe. Ba'amurke Bill Koch ne ya fito da shi fili lokacin da ya ci Kofin Duniya a 1982, daga tsakiyar shekarun 1980 kuma aka raba gasa gida biyu. Wanda ya yi turin gefe a tseren kilasik zai sami gargaɗi a rubuce ko a kore shi nan take, gargaɗi biyu kuma kora ne. Ɗan wasan ƙasa da ƙasa dole ya iya duka biyun.

Gyara ɗaya ne ke ƙarƙashin salon biyu: nauyin jiki gaba ɗaya ya koma kan katakon da ke zamewa, hanci da gwiwa da yatsun ƙafa a layi ɗaya, ƙugu a gaba. Sabon shiga yakan raba nauyinsa tsakanin ƙafa biyu don tsoron faɗuwa, ya tura ƙugu baya, sai ya zama tafiya yake yi da katako a ƙafa. Maganinsa ajiye sanduna. A farkon kowace kaka a riƙa yin minti 20 zuwa 30 babu sanda a fili mai ɗan hawa, a kuma riƙa gangara mai sauƙi a kan ƙafa ɗaya ana ƙirga daƙiƙa. A sa wani ya ɗauki bidiyo daga gefe da kuma daga gaba, domin abin da jiki ke gaya maka da abin da ido ke gani sukan sha bamban.

Kaya da awonsu

Sandar kilasik ba za ta wuce kashi 83 cikin 100 na tsawon ɗan wasa ba, ana auna shi da takalmi a ƙafa, kuma alƙalai suna dubawa. Ta salon 'yanci ba za ta wuce tsawonsa ba, yawanci takan tsaya wajen kashi 90, tsakanin haɓa da hanci. Katakon kilasik yakan fi mai shi tsawo da santimita 20 zuwa 25, na 'yanci da 10 zuwa 15. Kafin ka biya kuɗin takalmi ka tabbata ya dace da maƙalar da ke kan katakon: tsarin NNN da Prolink suna shiga juna, tsohon SNS ba ya shiga.

Taurin katako ya fi tsawonsa muhimmanci. Na kilasik a lanƙwashe yake kamar baka, tsakiyarsa ba ta taɓa ƙasa sai an danne ta, kuma a wannan tsakiyar ake shafa kakin da ke kama dusa. Ga yadda ake gwadawa. Ka tsaya a kan duka biyun a daɓe mai laushi, nauyi a rabe daidai, wani ya zura takarda ƙarƙashin ƙafarka ya ja ta gaba da baya. Inda ta tsaya a gaba da inda ta tsaya wajen dunduniya, a yi alama da maka. Wannan ne wurin kamu, yakan kai santimita 55 zuwa 65. Sai ka ɗora nauyinka duka a kan tafin ƙafa ɗaya ta gaba. Idan takardar ta maƙale, katakon naka ne. Idan har yanzu tana motsi, ya yi maka tauri, kuma duk kakin duniya ba zai hana ka sulɓewa a hawa ba. Idan kuwa ta maƙale tun kana kan ƙafa biyu, ya yi laushi: kakin zai riƙa jan ƙasa, ya goge kafin rabin tsere.

Manyan 'yan wasa suna yawo da katako gommai, kowanne da taurinsa da zanen da aka yi wa ƙasansa da dutsen inji. Mai farawa ya nemi huɗu: kilasik ɗaya na busasshiyar dusa, ɗaya mai tsayin baka na dusa mai ruwa, sai na 'yanci biyu, na sanyi da na ɗumi. Gwamma huɗu da aka auna da nauyinka da goma da aka saya a makance.

Kaki, inda ake cin tsere kafin a tashi

A Olamfik ta Sochi a 2014 Norwe ta zo da zaratan da babu kamarsu, amma a tseren miƙa sanda matanta suka zo na biyar, mazan na huɗu, kuma katakon da bai yi santsi ba ne aka ɗora wa laifi. In haka ta sami ƙasar da ke tafe da babbar motar gyaran kaki da ma'aikata cike, mai tafiya shi kaɗai ba shi da uzurin raina wannan aiki.

Kakin santsi ana shafa shi a duk ƙasan katakon 'yanci, a kilasik kuma gaba da baya kawai, ban da wurin kamu. A fara da buroshin tagulla daga baki zuwa wutsiya don fitar da datti. A saita dutsen guga a zafin da aka rubuta a jikin kwalin, a ɗiga kakin, a bi shi da guga ba tsayawa. Robar ƙasan katako tana narkewa a wajen digiri 135 zuwa 140, dutsen kuma sau da yawa ya fi haka zafi, don haka tsayuwar daƙiƙa kaɗan a wuri ɗaya tana ƙona ta, wurin ya toshe ya daina shan kaki har sai an sake kai shi inji. Hayaƙi alama ce zafi ya yi yawa. A bar katakon ya huce minti 20, a fara kankare ramin tsakiya, sannan sauran da makankarin roba mai kaifi, a goge da buroshi har sai farin gari ya daina fita. Kakin da ya rage a sama birki ne, wanda ya shige cikin robar ne ke aiki. A yi aikin a ɗaki mai iska, da abin rufe hanci. Tun kakar 2023 zuwa 2024 FIS ta haramta kaki mai sinadarin fuloro, ana kuma gwada katako da na'ura, don haka tsofaffin buroshi da dutsen guga da suka taɓa shi za su iya jawo maka kora ko da ba ka shafa ba. A wanke su sosai ko a sauya.

Kakin kamu ya fi wuyar sha'ani. A goge wurin kamu da samfefa mai lamba 100 domin kakin ya sami abin riƙewa, a shafa shimfiɗar farko a narkar da ita da guga, a bari ta huce a waje. Sannan a bi da shafi huɗu zuwa shida marasa kauri, kowanne a murje shi da abin murza har ya yi sumul. Kamfanoni sun saba da launi: kore na tsananin sanyi, shuɗi na 'yan digiri ƙasa da sifili, shunayya na dab da sifili, ja na sama da haka. Idan dusar ta narke ta sake daskarewa, ko ta jiƙe sharkaf, sai kilista, wadda ke zuwa a bututu, mai danƙo ƙwarai. Ita ana taƙaita wurin shafinta da 'yan santimita, domin ta fi kauri. Kuskure biyu ne ke maimaituwa. Kaki mai tauri fiye da yanayin ba ya kamawa, sai ka yi ta sulɓewa baya. Mai laushi fiye da kima kuma ƙwayoyin sabuwar dusa suna shiga cikinsa su daskare, ka ji dunƙule a ƙarƙashin ƙafa, zamiya ta mutu. Shi ya sa ake farawa da mai tauri: ɗora mai laushi a kansa abu ne na minti biyu, amma akasin haka sai an kankare duka. Ranar da ta fi kowace wahala ita ce ta sifili daidai ana zubar sabuwar dusa. A nan akwai katako na musamman da ake goge tsakiyarsa da samfefa kawai, ba kaki.

Ba a yarda da hasashe. Mutum biyu su hau katako daban, su riƙe hannu su gangara tare, su saki a wuri ɗaya, a ga wanda ya wuce. A rubuta zafin iska, zafin dusa, irin ta, abin da aka shafa da sakamakon. Bayan kaka uku wannan littafin ya fi shawarar kowa amfani.

Atisaye

Shekarar atisaye tana farawa a watan Mayu. Manya suna yin awa 750 zuwa 950 a shekara. Marit Bjørgen, mai lambobin Olamfik 15, ta yi kimanin awa 940 a shekarunta mafi kyau. Kusan kashi 90 na lokacin juriya a hankali ake yin sa, a saurin da za ka iya magana ba tare da haki ba, awa biyu ko uku a jere. Matashi ɗan shekara 16 ya tsaya wajen awa 400 zuwa 500, ya riƙa ƙarawa da abin da bai wuce kashi 10 ba a shekara.

Makon bazara yakan ƙunshi zama biyu masu zafi, misali minti shida sau biyar a kan hawa da hutun minti biyu ko uku, ko gudu da tsalle a tudu da sanduna a hannu. Zama biyu na ƙarfin kafaɗa da baya da ciki, domin turin sanduna biyu ya mamaye kilasik na zamani. Sauran duka mai sauƙi ne, gudu, keke, tafiyar dutse da katako mai taya. Cutar matasa ita ce su yi mai sauƙin da ƙarfi don kada a wuce su, sai ranar mai zafi ta zo babu abin bayarwa, su ƙare a tsaka-tsakin da ke gajiyarwa ba ya ginawa. Idan bugun zuciyar safe ya ɗaga kwana da kwanaki, barci ya lalace, abinci ya fita rai, a rage nan take.

Katako mai taya shi ne abokin wanda ba shi da dusa, har FIS tana shirya gasarsa mai bada maki, kuma ta nan Pita Taufatofua na Tonga ya tara wani ɓangare na makin da ya kai shi Olamfik ta PyeongChang a 2018. Amma ba shi da birki, don haka hular kwano dole ce, kuma ba a bin gangarar da ba a fara takawa da ƙafa ba. A riƙa wasa bakin sanda, in ya dakushe yana zamewa a kwalta ya jawo ciwon gwiwar hannu. Na kilasik yana da illa ɓoyayyiya: tayarsa ba ta juyawa baya, komai lalacewar takunka za ta kama. Mutum sai ya saba da makararren taku, ranar da ya hau dusa ya rasa kamu gaba ɗaya. Saboda haka a nemi dusa ta gaske ko da rani ne. Akwai ramukan zamiya masu sanyi a Vuokatti ta Finlan, Torsby ta Suwidin da Oberhof ta Jamus, akwai kuma Snow Farm a Niyu Zilan, inda hunturu ke faɗowa a Yuli da Agusta.

Tawagogi suna zuwa wurare masu tsayin mita 1,800 zuwa 2,000, irin Livigno a Italiya, na mako biyu zuwa uku, kwanakin farko a hankali. Ɗan asalin Afirka ta Yamma ya san rukunin jininsa kafin ya je: mai AS yana cikin ƙarin haɗari idan tsayi da aiki mai tsanani da ƙarancin ruwa suka haɗu, likita ne zai tsara masa. A duba sinadarin ƙarfe a jini, musamman ga mata, da bitamin D, wanda mai baƙar fata ke saurin rasawa a hunturun arewa.

Maki da zaɓen tsere

A makin FIS, ƙarami shi ne mai kyau. Ana raba lokacinka da na wanda ya ci, a cire ɗaya, a ninka da wata lamba, wadda a zagayen Olamfik na 2018 ta kasance: 800 a tseren da ake sakin mutane ɗai-ɗai, 1,200 a gajeren tsere, 1,400 a wanda ake tashi gaba ɗaya. Sai a ƙara tarar gasar, wadda ake lissafawa daga makin biyar na farko. A Kofin Duniya sifili ce. A ce mai nasara ya yi kilomita 10 a minti 25, kai ka yi a 30. Ka yi baya da kashi 20, wato maki 160, in tarar 60 ce ka tashi da 220. A lissafin wancan zagayen, wannan ratar a tseren tashi gaba ɗaya 280 ce tun kafin tara. Don haka a wancan lissafin wanda bai kai ya riƙe ayari ba ya fi samun riba a tseren ɗai-ɗai. A manyan gasa ma, wanda aka zagaye a tseren tashi gaba ɗaya cire shi ake yi.

Matsayinka shi ne matsakaicin sakamako biyar mafi kyau cikin wata 12, dogon zango daban, gajere daban, kuma wanda bai cika biyar ba ana ƙara masa maki, wato matsayinsa ya yi baya. Matakalar tana tashi daga gasar FIS ta cikin gida zuwa kofunan nahiya, irin na Sikandinabiya da na Alps da na Balkan da SuperTour ta Amurka, sannan Kofin Duniya, wanda kan buɗe a Ruka a ƙarshen Nuwamba. A zagayen Olamfik na 2018 ƙofar ƙananan ƙasashe maki 300 ce, amma sharuɗɗan suna sauyawa, sai a karanta takardar kowane zagaye tun ranar da ta fito. Kwamitin Olamfik na ƙasarka ne hanyar neman tallafin Olympic Solidarity, shirin taimako na Kwamitin Olamfik na Duniya.

A gajeren tsere ana fara gwajin lokaci, 30 na farko su shiga rukuni biyar na mutum shida-shida, biyu na farko a kowanne da biyu mafi sauri cikin sauran su wuce. Tun kakar 2022 zuwa 2023 maza da mata tazara ɗaya suke yi a Kofin Duniya. Kada a yi gaggawar yanke ƙauna ga wanda ya makara: Kikkan Randall sai a Olamfik ɗinta ta biyar ta ci zinare, tare da Jessie Diggins, a 2018.

Ranar tsere da maganar magani

Idan sanyi ya wuce digiri 20 ƙasa da sifili a wuri mafi sanyi na filin, ana ɗage tsere. In sanyin bai kai haka ba ana yi, don haka a rufe kunne da wuya, a sa ƙaramin wando mai tare iska, kuma a lura cewa a baƙar fata cizon sanyi ba ya saurin nunawa a ido. Mutuwar jin yatsa ko kunci ita ce alamar. A ɗumama jiki minti 30 zuwa 40. Sabon shiga yakan ƙone kansa a hawan farko, alhali lokaci ya fi ɓacewa a kan tudu, inda ya kamata a ƙara turi uku ko huɗu masu ƙarfi kafin a duƙa a gangara. A kilomita 50 a riƙa shan abu mai ɗumi da sukari kowane minti 15 zuwa 20. Da an gama a cire jiƙaƙƙun kaya.

Busasshiyar iska mai sanyi tana jawo asma ga masu wannan wasa da yawa, maganinta kuma yana da iyaka: salbutamol na shaƙa ba zai wuce maikurogiram 1,600 a awa 24 ba. An dakatar da Martin Johnsrud Sundby wata biyu a 2016 a kan wannan magani. Therese Johaug ta sha dakatarwar wata 18, ta rasa Olamfik ta 2018, saboda man leɓe mai sinadarin clostebol da likitan tawaga ya sayo. Doka ba ta duba wanda ya ba ka, abin da aka samu a jikinka kai ke da alhakinsa. A duba kowane magani, har na mura da na gargajiya da ake aikowa daga gida, da jerin haramtattun magunguna na shekarar da WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan maganin ƙara kuzari, ke fitarwa. Wanda aka sa a rukunin masu gwajin magani zai riƙa bayar da awa ɗaya kullum da inda za a same shi, kuskure uku cikin wata 12 kuma laifi ne da kansa.

A ƙarshen Maris, a wanke wurin kamu, a rufe ƙasan kowane katako da kaki mai laushi mai kauri ba tare da kankarewa ba, a ajiye a wuri mai sanyi nesa da rana, ba a ɗaure da ƙarfi ba. A duba waɗanne sakamako ne za su cika wata 12 su faɗi daga lissafi, domin a san tseren da za a maye gurbinsu da shi. Wanda ya ji rauni mai tsawo ya sa hukumarsa ta nema masa matsayin mai rauni a FIS kafin makinsa ya lalace. Afrilu na hutu ne, mako uku ko huɗu na motsi mara nauyi, kafin a buɗe sabon shafin atisaye a Mayu.